Sai da Muka Je Kumasi Aka Yarda Baba Yana Raye

A Seme, bakin iyakar Najeriya da Binin, na fara sanin na bar gida. Har Legas ban ji baƙunta sosai ba, domin duk inda mota ta tsaya sai na ga mai shayi ko mai tsire da zan yi wa sannu ya amsa. Amma a Seme wani mutum mai rataye da kati a wuya ya fizge takardunmu, ya juya katin rigakafin Baba, ya ce hatimin bai fito ba. Har na fara kwance bakin zanina in ba shi kuɗi, sai Baba ya riƙe mani hannu.

"Uwata, bar shi. Wanga ba ma'aikaci ba ne. Dubi takalminshi."

Na duba, silifa ne na wanka. Baba ya miƙa hannu kawai, mutumin ya dire masa takardun ya juya. Ni aka ɗauko don in yi wa tsoho jagora saboda na yi sakandare ina jin Turanci, ga shi tun a tsallake na farko shi ne ya yi mani.

Bari in faɗi abin da ya fito da mu. Mahaifina mutumin Damari ne ta ƙasar Sabuwa. Tun yana saurayi ya tafi Gana, ya yi shekara ashirin da wani abu yana aiki a wani kamfanin yankan katako a Kumasi. Mu muna gida tare da Inna, sai bayan shekara ɗaya ko biyu yake zuwa. Duk wata ana cire wani abu daga albashinsa ana ajiyewa a asusun gwamnati, da ya tsufa aka fara biyansa fansho. Ya dawo Damari ya kama noma, wani amininsa mai fataucin goro, Alhaji Isa, yana karɓa yana aiko masa ta hannun direbobin da ke zuwa Funtuwa. Ba wani abu mai yawa ba ne, amma yana sayen magani da taki, kuma bai taɓa roƙon kowa ba.

Sai abubuwa suka taru. Inna ta rasu. 'Yan bindiga suka hana noman gonakin nesa, rannan kuma suka shigo unguwarsu, ɗakin Baba ya ƙone da akwatin takardunsa. Yayana namiji ɗaya ne, ya riga mu gidan gaskiya. Dole na ɗauko Baba na kawo shi Ƙanƙara, gidan mijina. Ba a jima ba saƙo ya zo cewa an tsayar da fanshon, domin doka ta ce tsoho in ya kai wasu shekaru sai ya riƙa bayyana ana ganin yana raye. Wanda bai bayyana ba, ana ɗauka ya mutu. Kafin mu yi wani yunƙuri Alhaji Isa ma ya rasu.

Maigidana mutumin kirki ne, Allah ya saka masa. Ya gyara wa Baba ɗakin zaure, ya sa masa katifa da gidan sauro. Amma Baba ya kasa sakewa. In ya ji tarin maigidan a ƙofa sai ya juya fuska bango kamar mai barci. Kwanon tuwon da nake kai masa kullum rabi yake dawowa. Na canza miya, na yi masa ɗanwake, na yi fate, duk ɗaya. Wata rana na tsugunna na ce, "Baba, ko girkin ne bai yi maka ba?"

Ya ce, "Girkinki na uwarki ne. Amma hatsin na wa ne? Ni in zauna surukina ya ci da ni, ina da haƙƙina can a ajiye?"

Yana ramewa ina kallo. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da maigidana ya ga haka, shi da kansa ya ce in shirya in raka shi, ƙanwarsa za ta riƙe yaran.

Daga Seme zuwa Lome ban gane komai ba sai teku. Ban taɓa ganin ruwa marar gaɓa ba, na yi ta tasbihi ina leƙe ta taga. Turancina ya zama banza, kowa Faransanci yake yi. Ƙafafun Baba suka kumbura har takalminsa ya ƙi shiga. A wata tasha na sauka neman ruwan alwala, na yi ta nuni da hannu, ana ta miƙo mani ruwan leda mai sanyi. Wata mai soya kifi ce ta gane. Ta shiga bayan rumfarta ta fito da buta, ta shimfiɗa buhu a ƙasa, ta nuna mani gabas da ludayinta. Akwai gicciye a wuyanta. Har yau ina sa ta a addu'a, ban san sunanta ba.

Da muka tsallaka Aflawo muka shiga Gana sai Baba ya zama wani mutum. Ya gyara zama, ya fara yi wa kwandasta magana da yaren Asante, har mutanen motar suka juyo suna dariya suna tafa masa. Wani magidanci da ke gaba ya tashi ya ba shi kujerarsa don ya miƙe ƙafa. Ni kuwa a lokacin kewar gida ta kama ni. Autata Sadiya ba ta daɗe da yaye ba. Na ga wata mata tana ba ɗiyarta ayaba, na ja mayafi na rufe fuska.

A Kumasi muka sauka a zango, gidan marigayi Alhaji Isa. Matarsa, Hajiya Adiza, tsohuwa ce mai jiki da fara'a, an haife ta a can. Hausarsu ba ta raba mace da namiji, "kai" take ce mani, kwana biyu ina waiwaye in ga da wa take. Ta ba ni shimfiɗa a ɗakinta, aka kai Baba ɗakin baƙi. Da safe akwai koko da ƙosai kamar a gida, da rana kuwa dokunu, wani tuwon masara mai tsami da ake naɗewa a ganye. Na ci don kunya. Baba kuwa ya cinye biyu. A nan na ƙara tabbatar da cewa ba ciwo ne ya hana shi cin abinci a Ƙanƙara ba.

Ranar Litinin muka je ofishin fansho. Na yi shirin wahala irin wadda na sani, ta tsayuwa a rana da turereniya. Sai na tarar da kujeru a inuwa, tsofaffi zazzaune, mai gadi yana tambayar wanda ya fi shekaru ya sa shi gaba. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ce ai ko katin asibiti, wanda ya kai saba'in ba ya biyan kuɗin shekara. Na tuna tsofaffin da ke zama a gindin bedi kusa da kasuwarmu, waɗanda aka koro daga ƙauyukan Faskari da Sabuwa, ba mai tambayar shekarunsu balle ya ba su kujera. An ce mu ma akwai doka a kan kula da tsofaffi. Wataƙila tana hanya, ba ta dai iso gindin bedin nan ba tukuna.

Aka ba ni fom na cika. A wurin suna na rubuta abin da ke kan katin ɗan ƙasa na Baba, Abubakar Sule. Ma'aikaciyar, wata matashiya mai gilashi, ta buga a kwamfuta, ta sake bugawa, ta girgiza kai. Babu mai wannan suna. Na fassara wa Baba. Ya dubi ƙasa ya ce a hankali, "Ce mata ta duba Nomau. Nomau Damari."

Na san sunan. Kakata kaɗai na taɓa ji tana kiransa da shi. Sunan kakansa aka sa masa, Abubakar, mahaifiyarsa kuwa ba za ta iya kiran sunan surukinta ba, sai ta laƙaba masa Nomau don an haife shi ana tsakiyar noma. Da shi ya tashi, da shi ya zo Gana. Ranar da aka ɗauke shi aiki magatakarda ya tambayi sunansa da na gidansu, shi kuma ya faɗi wanda ake kiransa da shi, ya haɗa da sunan garinsu, kamar yadda mutanenmu ke yi. Sai da ya koma gida da furfura aka fara ce masa Malam Abubakar.

Ma'aikaciyar tana jira. Na buɗe baki, harshena ya ƙi. Ta yaya zan kira sunan ƙuruciyar ubana gatsau, yana zaune a gefena? Na ja fom ɗin na rubuta a bayansa na tura mata. Ta buga, sai ga hoto ya fito: wani mutum baƙi mai faɗin kafaɗa, da gashin baki. Na daɗe ina kallonsa.

Ta ce to, ya ɗora yatsa a na'ura. Ya ɗora babban yatsa, wuta ta nuna ja. Ya ɗora manuni, ja. Duk goma aka gwada. Katako da fartanya sun cinye zanen yatsunsa, sun yi sumul kamar bayan cokali. Tsohuwar nan ta ciro man kaɗe daga jakarta ta murza masa da hannunta, aka sake gwadawa, ja.

Ma'aikaciyar ta cire gilashi ta ce mani, cikin ladabi, ita ta yarda shi ne, amma takarda ba ta yarda ba. Katinsa na cewa Abubakar, nasu na cewa Nomau, yatsa bai kama ba, hoton kuma na wani ƙaƙƙarfa ne. Sai mun kawo takardar rantsuwa daga kotu cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, da shaida guda wanda ya yi aiki tare da shi, mai katin fansho shi ma.

Baba ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ta ce sai mun kawo wanda ya san ka."

Ya yi wata 'yar dariya. "Ga ni zaune, ina numfashi, sai wani ya zo ya faɗa masu."

A bakin ƙofa wani ya tare mu da sallama, Hausarsa tas irin ta gida. Ya ce sunansa Ɗanlami, iyayensa mutanen Daudawa ne, har ya ambaci unguwanni. Wallahi da na ji an ce Daudawa sai na ji kamar na ga ɗan'uwa. Ya ce wannan ƙaramin abu ne, kullum shi yake yi wa tsofaffi, mu ba shi na kotu da na mota, jibi zai zo da komai. Baba ya ɗan yi jim, ni ce na matsa. Na ba shi daga guzurin komawarmu.

Jibin Ɗanlami ya zo, da wani mutum a bayansa, ya ce ga shaida. Baba ya dube shi sama da ƙasa.

"Kai, a wane sashe ka yi aiki?"

Mutumin ya dubi Ɗanlami.

"Uwata, wanga ko kaciya ba a yi mashi ba lokacin da nake turin gungume. Shi zai dafa littafi ya ce ya san ni?"

Ɗanlami ya ce, "Haba Baba, kowa haka yake yi. Kai dai ba kuɗinka kake so ba?"

"Haƙƙina nake so. Ban zo da ƙafata tun daga Katsina don a yi rantsuwar ƙarya a kaina ba. Gara a bar ni cikin matattun."

Suka fita, ba su dawo ba, abin da na bayar ma bai dawo ba. Na shiga bayan gida na yi kukana, don ni na jawo. Hajiya Adiza ta same ni ina wanke fuska ta ce, "Kai bar kuka. Wannan Ɗanlami, jiya ɗan Daudawa, gobe ɗan Sakkwato. Tashi mu nemi mutanen katako."

Kwana tara muna nema. Kamfanin ya daɗe da rufewa, wurin ya zama gareji. Baba ya lissafo abokan aikinsa, muna bi ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya rasu. Wancan ya koma arewa, ba a san garinsu ba. Wani mun same shi, amma ya rikice, ko 'ya'yansa ba ya ganewa. Duk gidan da muka fito sai Baba ya tsaya ya yi wa mamacin addu'a, tafiyarsa tana ƙara nauyi. Ya koma barin rabin abinci. Na kira gida, Sadiya ta ƙi karɓar wayar, wai ta yi fushi da ni. A ranar na kusa ce masa mu haƙura mu koma.

Wani tsohon mai gyaran zarto ne ya tuna da Papa Kwabena, direban motar gungume, ya ce yana wani ƙauye bayan gari wurin ɗiyarsa. Baba ya ɗaga kai. "Kwabena na nan? Wannan arnen bai mutu ba?" Ya faɗa yana murmushi, irin wanda rabona da gani tun Inna na da rai.

Muka shiga ƙaramar mota, muka bi ta cikin gonakin koko. Mun same shi a kan kujerar katako a ƙofar gida, ya yafa zane, idanunsa sun yi fari da yana. Ɗiyarsa ta ce ba ya gani sosai. Wanda ba ya gani, yaya zai yi shaida?

Baba bai yi sallama ba. Ya tsaya daga nesa ya sa yatsu biyu a baki ya yi wani fito, dogo sannan gajere biyu. Ban taɓa sanin ubana ya iya fito ba. Ashe da shi yake tsayar da motar in gungume ya hau daidai.

Tsohon ya zabura har zanensa ya zame. "Nomau!" Ya miƙo hannuwa yana lalube. "Nomau, kai bai mutu ba? An ce mani kai ya mutu!"

"Kai ma an ce mani giya ta kashe ka."

"Na bari, na bari! Kai ne dai goro zai kashe."

Suka rungume juna suna dariya, hawaye na zuba. Papa Kwabena ya kamo hannun hagun Baba ya shafa har ya kai kan wani tabo a gefen dantse, ya ce wa ɗiyarsa da Turanci, don ni ma in ji, wannan tabon nasa ne. Sarƙa ce ta tsinke, gungume ya taho kansa, Nomau ya ture shi. Mu a gida an ce mana faɗuwa ya yi daga keke.

Washegari ya sa zanensa na fita kunya, ya rataya katin fanshonsa a wuya, ɗiyarsa na riƙe da shi. A kotu Baba ya yi alwala ya dafa Alƙur'ani, shi kuma ya dafa nasu littafin. Mai rubutu ya tambaye shi, tunda ba ya gani, ta yaya ya san wannan ne. Ya ce, "Shekara ashirin yana zagina da safe. Ko a kabari na san muryarsa."

Sai mai rubutun ya juyo ga Baba ya ce ana bukatar sunan wadda ta rako shi. Na fassara. Baba ya buɗe baki ya rufe. Sunan mahaifiyarsa gare ni, Hauwa'u, tun da aka haife ni bai taɓa furta shi ba. Ya dube ni, na dube shi. Ya tura mani takardar da biro ya ce, "Rubuta mashi, Uwata." Dariya ta kama mu mu biyu a gaban hukuma, mai rubutu yana kallonmu bai san dalili ba.

Muka koma ofishin. Mai gilashin nan ta karanta takardar, ta duba katin Papa Kwabena, ta ɗauki sabon hoton Baba, ta haɗa sunayen biyu a wuri ɗaya. Ta miƙe tsaye ta ba shi hannu biyu ta ce, "Papa, barka da dawowa." Ta rubuta mani yadda za mu yi baɗi in Allah ya kai mu, ɗan Hajiya Adiza kuma ya karɓi amanar da mahaifinsa ya riƙe, ta karɓar fanshon yana aikowa. Ranar da za mu taho, tsofaffin biyu suka daɗe riƙe da hannun juna a tasha. Ba wanda ya ce sai wata rana.

Mun iso Ƙanƙara bayan sati huɗu da fita. Sadiya ta ɓuya a bayan gwaggonta, sai da yamma ta zo ta hau cinyata. Fanshon bai iso ba sai bayan wata biyu, har na fara zullumi.

Ranar kasuwa ina tsakar gida ina tankaɗe na ji ana sallama da amalanke. Buhun masara ne da na gero, Baba na biye da sandarsa. Maigidana ya fito da sauri yana cewa, "Haba Baba, me ya yi zafi? Ai gidanka ne." Na yi masa ido daga bakin madafa, Allah ya sa ya gane. Ya tsugunna ya ce, "An gode, Allah ya ƙara girma." Baba ya ce a zuba a inda ake ɗiba, kada a ware.

Daga buhun na ɗebi na tuwon ranar. Bayan magariba na kai masa, na dawo na zauna ina ba yara nasu. Can na ji ƙarar murfin kwano, sannan muryarsa daga zaure, da ƙarfi, ba ruwansa da ko maigidan na ji.

"Uwata! Akwai saura?"